Gwaninta a ƙeya take: Yadda ƙaramar ƙwaƙwalwa ke koyar da hannu, da yadda maye ke lalata ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon tela a Nima ko Asawase a lokacin da aiki ya yi yawa, ya ga abin mamaki ko da bai lura ba. Tela yana hira, yana dariya, wani lokaci ma idonsa na kan titi, amma ƙafa tana taka keke, hannu yana tura yadi, kuma ɗinkin bai karkace ba. Haka mai talla take ratsa motoci da tire a ka ba ta riƙe ba, haka mai tsire yake feɗe nama siriri yana ciniki. In ka tambayi kowane ɗaya daga cikinsu, amsar guda ce: hannu ne ya saba.

To amma mai karatu, hannu ba shi da rumbun ajiye sabo. Babban rabo na wannan sabon yana can a ƙeya, cikin wani ɓangare da masana ke kira serebelum, wato ƙaramar ƙwaƙwalwa. A can ne wani sinadari mai suna gulutamet da makarɓansa ke aiki dare da rana, suna gyara motsin jiki har ɗan koyo ya zama gwani. Kuma a can ɗin dai ne giya da sholisho suke yin ɓarnar da muke gani a jikin wasu matasanmu na zango. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu san abin da ke faruwa a wurin, domin wanda ya san darajar abu ba ya wasa da shi.

Ƙarama ce, amma ta fi kowa jama'a

Ƙaramar ƙwaƙwalwa tana kwance ne a ƙasan babbar, daidai inda wuya ya haɗu da kai, kuma nauyinta bai wuce kusan giram 150 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙwaƙwalwa baki ɗaya. Sai dai a shekarar 2009 wata masaniya 'yar ƙasar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta sun ƙidaya ƙwayoyin jijiya da ke kan mutum, suka sami kusan biliyan 86, kuma a cikinsu kusan biliyan 69 duk a wannan ɗan wuri suke. Wato kamar a ce kashi takwas cikin goma na mutanen gari suna zaune a unguwa ɗaya, abin da ɗan zango ba zai yi mamakinsa ba.

An daɗe da gane aikinta. Tun a wajajen 1824 wani Bafaranshe mai suna Pierre Flourens ya riƙa cire wannan ɓangare daga kan tattabaru, sai ya ga ba su shanye ba, amma suna tangaɗi kamar waɗanda suka bugu. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma, likitan sojan Ingila Gordon Holmes ya duba sojojin da harsashi ya sama a ƙeya, ya rubuta a 1917 cewa awon motsinsu ya ɓace: mutum zai miƙa hannu ya ɗauki abu, hannun ya wuce wurin ko ya gaza kaiwa. Ke nan babbar ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin a yi motsi, ita kuwa ƙaramar ita ke auna lokaci da ƙarfi da nisa.

Yadda saƙo ke tsallaka rata

Ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna kamar wayar lantarki ba. Tsakanin kowace ɗaya da maƙwabciyarta akwai 'yar rata da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Idan saƙon lantarki ya iso bakin wannan rata, sai ƙwayar ta feso wani sinadari ya tsallaka ya isar da saƙon. A cikin sinadaran da ke cewa "tashi ki yi aiki", babu wanda ya kai gulutamet yawan aiki a ƙwaƙwalwa. A shekarun 1950 Takashi Hayashi na Japan ya ga cewa idan aka zuba shi a ƙwaƙwalwar kare yakan jawo jijjiga, sannan a ƙarshen waɗannan shekaru David Curtis da Jeffrey Watkins, a birnin Kambera na Ostireliya, suka nuna yana zaburar da ƙwayar jijiya ɗaya-ɗaya.

Shi gulutamet kamar makulli yake, kuma makulli ba ya aiki sai da kwaɗo. Kwaɗunan su ne makarɓai, waɗanda ke jere a jikin ƙwayar da ake aika wa saƙo. Iri-iri ne, kuma kowane da halinsa.

Na farko ana kiransa AMPA. Wannan ƙofa ce mai saurin buɗewa: da gulutamet ya taɓa ta, cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ta buɗe, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki, ƙwayar ta zabura. Yawancin saƙon gaggawa ta nan yake bi.

Na biyu shi ne NMDA, ƙofa mai kwaɗo da kuma sakata. Ko makulli ya shiga ba za ta buɗe ba, domin akwai ƙwayar maganiziyam da ta toshe hanyar, kuma ba ta gusawa sai idan ƙwayar jijiyar ta riga ta zabura. An gano wannan toshiya a 1984. Idan ta buɗe takan shigo da kalsiyam, wanda shi ne ke sa ƙwaya ta canza halinta, shi ya sa wannan ƙofa ke da hannu sosai a harkar koyo.

Na uku, mGluR1, shi ba ƙofa ba ne sam. Ya fi kama da ƙararrawar gida: a danna daga waje, 'yan aike su tashi a ciki, su buɗe rumbun kalsiyam da ƙwayar ta ajiye. Aikinsa a hankali yake, amma tasirinsa yana daɗewa.

Akwai na huɗu da ya fi yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai suna GluD2. Ɗan gidan ne ta fuskar kama da asali, amma gulutamet ba ya buɗe shi. Babban aikinsa shi ne zama ƙugiya da ke riƙe bakin jijiyoyi biyu kada su rabu.

Maigidan shago da 'yan koyo

Sarauniyar wannan unguwa ita ce ƙwayar Purkinje, wadda ta ci sunan Jan Purkinje, masanin ƙasar Cek da ya fara bayyana ta a 1837. Tana da rassa kamar bishiya, amma a baje suke kamar mafici, kuma an jera irin waɗannan ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Santiago Ramon y Cajal na ƙasar Sifen, wanda ya fara zana tsarin wurin dalla-dalla a 1888 daga ƙwaƙwalwar tsuntsaye, ya nuna cewa saƙo iri biyu ne ke shigo mata, kuma a yau mun san duka biyun da gulutamet suke magana.

Na farko yana zuwa ne daga wasu ƙananan ƙwayoyi barkatai, waɗanda su ne suka cika wancan adadi na biliyoyi. Su ne ke karɓar labarin jiki: inda ƙafa take, yadda kai ya karkata, abin da ido ya gani, abin da babbar ƙwaƙwalwa ke shirin yi, kuma suna karɓarsa ne ta makarɓan AMPA da NMDA. Kowace ɗaya sai ta miƙa dogon zare siriri, zarurrukan su tafi a jere suna ratsa mafitan nan kamar yadda wayoyin lantarki ke bi ta kan falwayoyi. Ƙwayar Purkinje ɗaya tak tana karɓar irin wannan zare fiye da 100,000. Muryar kowane ɗaya raunana ce, sai sun taru suke motsa ta, kuma takan harba saƙo wajen sau 50 ko fiye a daƙiƙa guda.

Na biyun kuwa jijiya ce guda ɗaya tilo, wadda ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa ta nannaɗe rassan ƙwayar kamar yadda soso ke hawa danga. Ana kiranta jijiya mai hawa. Ita ba ta yawan magana, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, amma idan ta yi tsawa duk ƙwayar sai ta girgiza, kalsiyam ya cika rassanta. Kuma an lura tana yawan yin tsawar ne a lokacin da motsi ya saɓa wa abin da aka yi niyya.

A kwatanta da shagon ɗinki. 'Yan koyo dubbai suna kawo shawara a lokaci guda, maigida kuwa yana zaune shiru, sai an yi kuskure ya daka tsawa. Duk ɗan koyon da aka kama yana magana a daidai lokacin tsawar, shi za a rage wa murya. David Marr a 1969 da James Albus a 1971 su suka fara hasashen cewa tsawar jijiya mai hawa ce ke koyar da wurin, sannan Masao Ito na Japan da abokan aikinsa suka nuna wannan rage murya a gwaji a 1982.

Yadda ake rage muryar shi ne abin sha'awa. Idan zare ya fesa gulutamet ya taɓa AMPA da mGluR1, a daidai lokacin kuma jijiya mai hawa ta yi tsawa, to kalsiyam ɗin da ya taru daga ɓangarorin biyu yakan tayar da wani ma'aikaci a cikin ƙwayar, ya ciro wasu daga cikin ƙofofin AMPA na wannan mahaɗa ya shigar da su ciki. Gobe idan zaren ya sake magana, ƙofofin da za su amsa masa sun ragu. Zaren da ya yi ta aiki ba tare da tsawa ba kuwa, ana iya ƙara masa ƙarfi. Masana sun gano daga baya cewa ba wannan ce kaɗai hanyar koyo a wurin ba, akwai wasu gyare-gyare a wasu mahaɗun, amma tushen guda ne: ana ƙarawa ana ragewa har awo ya daidaita.

Ito ne dai ya gano tun a shekarun 1960 cewa saƙon da ƙwayar Purkinje ke fitarwa ba na zaburarwa ba ne, birki ne. Duk wanda ya iya babur ya san cewa gwaninta ba a totur take ba, a sanin lokacin taka birki da sakinsa take. Haka jiki ma.

Shaidun da aka gani

A 1996 Thomas Thach da abokan aikinsa a birnin St. Louis na Amurka sun sa mutane jifan wani tambari da dunƙulen yumɓu, sannan suka sanya musu tabarau mai karkatar da gani. Jifan farko duk gefe ya tafi, amma bayan 'yan jifa kaɗan hannu ya gyara kansa. Da aka cire tabarau, sai jifan ya kauce zuwa ɗaya gefen, alamar cewa an riga an sauya awo a ciki. Mutanen da ke da lahani a wasu sassan ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa, sun yi ta jifa suna kuskure iri ɗaya ba gyara.

A 1994 an samar da ɓeraye marasa mGluR1, suka tashi suna tangaɗi, ba sa iya koyon motsi yadda ya kamata. Akwai kuma wani jinsin ɓera da aka gano a 1997 cewa GluD2 ɗinsa ya lalace ya zama ƙofar da ba ta rufuwa, lamarin da ke kashe kusan duk ƙwayoyin Purkinje ɗinsa tun yana ƙarami. A jikin ɗan Adam ma, a shekarar 2000 likitoci a ƙasar Holan sun ba da rahoton marasa lafiya biyu da garkuwar jikinsu ta juya ta toshe mGluR1, suka kamu da tangaɗi mai tsanani. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya: a taɓa makarɓan gulutamet na ƙeya, tafiya da hannu su rikice.

Abin da giya da sholisho ke yi

A nan ne maganar ta shigo gida. A 1989 David Lovinger da abokan aikinsa sun nuna cewa giya, a daidai yawan da ke sa mutum ya bugu, tana danne ƙofar NMDA. Bugu da ƙari tana ƙara wa sinadarin birki na ƙwaƙwalwa ƙarfi. To idan aka danne totur aka kuma rikita birki, ai dole mai apateshi ya auna titi da faɗi. Tangaɗinsa da lauyewar harshensa alama ce cewa ƙaramar ƙwaƙwalwa ta daina karɓar labari daidai.

Na dare ɗaya yakan wuce da safe, amma yau da gobe ba ta bar komai ba. A 1959 wasu likitocin Amurka uku, Victor da Adams da Mancall, sun bayyana yadda tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen sama ke motsewa a kan mashaya na shekaru, inda ƙwayoyin Purkinje ke mutuwa. Wurin shi ke kula da ƙafafu da gangar jiki, shi ya sa irin wannan mutum yake tafiya a tale yana layi ko da bai kurɓi komai ba ranar. Rashin cin abinci mai kyau, musamman ƙarancin bitamin B1, yana ƙara tsananta abin. Kuma ƙwayar Purkinje idan ta mutu jiki ba ya haifar wata.

Sholisho da gam da tina da yaranmu ke shaƙa a tsumma suna ɗauke da sinadarin toluwin, wanda bincike a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna shi ma yana danne NMDA. Likitoci sun daɗe suna ganin masu shaƙarsa na tsawon lokaci da rawar hannu, tangaɗi, da maganar da ba ta fita. Yaron da ke koyon kanikanci ko walda yana shaƙar wannan abu, yana rushe wurin da sana'ar tasa za ta zauna ne da hannunsa.

Akwai kuma abin da ya kamata iyaye su sani. Idan giya ta daɗe tana danne NMDA, ƙwaƙwalwa takan ƙara yawan ƙofofin domin ta rama. Ranar da aka yanke giyar farat ɗaya, sai gulutamet ya tarar da ƙofofi birjik a buɗe ba mai danne su. Daga nan ne rawar jiki da gumi da firgita ke tasowa, wani ma har farfaɗiya a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wani kuma ya rikice yana gane-gane a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan yana iya kisa. Saboda haka kulle tsohon mashayi a ɗaki ko sanya masa mari da sunan raba shi da kwalba, ganganci ne da ransa ko da niyyar mai kyau ce. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, a gaban likita ya kamata ya bari.

To ina maganar farin magi?

Mai karatu zai ce, ai wannan gulutamet ɗin shi ne a farin magi da ake ta cewa yana cinye ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne sinadarin ɗaya ne. Kikunae Ikeda na jami'ar Tokyo ne ya gano a 1908 cewa shi ke ba romon ciyawar teku ɗanɗano, kuma a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Gaskiya ne kuma yawansa a cikin ƙwaƙwalwa guba ne: idan jini ya yanke wa wani sashe, kamar a shanyewar ɓarin jiki, gulutamet kan malala ya bar ƙofofi a buɗe har kalsiyam ya kashe ƙwayoyin. John Olney ya nuna irin wannan ɓarna a 1969, amma ta hanyar yi wa jariran ɓeraye allurarsa da yawan gaske, ba ta hanyar miya ba.

Wanda muke ci a abinci, hanji ne ke ƙona mafi yawansa ya yi amfani da shi, ɗan abin da ya shiga jini kuma akwai shingen da ke hana shi kutsawa ƙwaƙwalwa, wadda ita ke haɗa nata da kanta. Hasali ma gulutamet yana cikin tumatir, yana cikin daddawar da kakanninmu suka taso da ita, yana cikin nonon uwa. A 1987 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba shi bai ga dalilin sanya masa iyaka ta musamman ba. Abin tsoro a ɗunƙulen magi shi ne gishiri, wanda hukumar lafiyar ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, saboda hawan jini. Hawan jinin nan kuwa shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki. Muna zargin tukunyar miya da laifin da ba nata ba, alhali mai laifin yana cikin kwalba da tsumma a bayan layi.

Ba duk mai tangaɗi ne mashayi ba

Wannan ma ya kamata a faɗa, domin a zango ba a raina abin gori. Dattijon da bai taɓa kusantar giya ba zai iya wayar gari da jiri, amai, ciwon ƙeya, da tangaɗi, saboda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙaramar ƙwaƙwalwarsa. Wurin matsattse ne, kumburi kaɗan zai iya danne cibiyar numfashi. Irin wannan ba a jira a ga yadda zai kwana, asibiti ake nufa nan take, kuma manyan asibitocin koyarwa irin su Korle Bu a Ankara, Komfo Anokye a Kumasi da na Tamale suna karɓar irin waɗannan marasa lafiya. Wasu magungunan farfaɗiya ma idan suka yi yawa a jini sukan sa tangaɗi, sai a koma wa likita maimakon a daina sha da ka. Akwai kuma tangaɗin gado da ke bin iyali, wanda ba maye ba ne, ba kuma jifa ba.

Ga mu matasa kuwa, lissafin a fili yake. Shekarun da muke koyon ɗinki, tuƙi, aski, gyaran waya ko ƙwallo, su ne shekarun da ake ta jera ƙofofin nan ana cirewa, kuskure bayan kuskure, har hannu ya faɗa. Maigidan shago ya daina ganin kuskuren yaro a matsayin taurin kai, domin da shi ƙeya ke koyo. Yaron da aka ga ya fara rawar hannu ko layi, a ja shi a jiki a kai shi asibiti tun da wuri, domin wanda ya daina sha ya koma cin abinci mai kyau, sau da yawa ɓarnar takan tsaya inda ta kai, wani ma tafiyarsa ta ɗan gyaru. Shugabannin matasa da sarakunan zango kuma su zauna da masu sayar da gam da tina a kan kada a miƙa wa ƙaramin yaro abin da kowa ya san ba takalmi zai liƙa da shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.